Tambaya da Amsa: Ɗan wasa ya durƙusa, 'yan kallo sun ƙaurace, wa ke kwana a ciki?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a makon nan sun karkata ne ga batu guda: 'yan wasan da ke amfani da fili wajen nuna ƙin amincewa da wani zalunci, da kuma magoya bayan da ke fushi su ce sun daina kallo. Mun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka yi maganar siyasa a wasanni sai in ji an ambaci Colin Kaepernick. Me ya aikata, kuma da gaske korar sa aka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kaepernick shi ne mai jefa ƙwallo kuma jagoran kai hari na ƙungiyar San Francisco 49ers a gasar NFL, wato gasar ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka. Ba ƙaramin ɗan wasa ba ne, domin shi ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2013. A watan Agustan 2016, lokacin wasannin share fage, ya riƙa zama a benci idan ana rera taken ƙasa. A ranar 26 ga watan ne 'yan jarida suka lura, suka tambaye shi, ya ce ba zai miƙe don girmama tutar ƙasar da ake zaluntar baƙar fata a cikinta ba. A farkon watan Yuli na shekarar 'yan sanda sun harbe baƙaƙen fata biyu, Alton Sterling a Louisiana da Philando Castile a Minnesota, kwana ɗaya tsakani, kuma ƙasar na cikin zafin abin.

Durƙuson da aka san shi da shi daga baya ya zo. Wani tsohon sojan kundumbala, Nate Boyer, ya zauna da shi ya ba shi shawarar cewa durƙusawa da gwiwa ɗaya ta fi zama a benci nuna ladabi ga sojoji. Daga 1 ga Satumba sai shi da abokin wasansa Eric Reid suka koma durƙuso. Wannan bayani yana da muhimmanci, domin babban zargin da aka yi masa shi ne raina sojoji, alhali salon da ya ɗauka daga bakin soja ya fito.

Batun kora kuwa, a takarda babu ita. A Maris ɗin 2017 shi ya fita daga kwantiraginsa, ko da yake shugabannin ƙungiyar sun ce da ma za su sallame shi. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin maganar: cikin ƙungiyoyi 32 babu wadda ta ɗauke shi, yana ɗan shekara 29, lafiyarsa ƙalau, ana kuma ɗaukar waɗanda ba su kai shi ba. A Oktoban 2017 ya shigar da ƙorafi cewa masu ƙungiyoyin sun haɗa baki a kansa. An sasanta a Fabrairun 2019 bisa sharaɗin ba za a bayyana abin da aka biya ba. Bai sake buga wasa a gasar ba.

Tambaya: An ce a Amurka kowa na da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. To ta yaya za a hukunta ɗan wasa don ya yi haka? Kuma yaya dokar take a ƙwallon ƙafa?

Amsa: Ɗan'uwa, a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka gwamnati ya ɗaure wa hannu. Shi ya sa a 1943 Kotun Ƙoli ta yanke cewa makarantar gwamnati ba za ta tilasta wa yaro sara wa tuta ba. Ƙungiyar wasa kuwa kamfani ce mai zaman kanta, ɗan wasa ma'aikacinta ne, kuma abin da ke kare shi ko ya kayar da shi shi ne takardar kwantiragi da yarjejeniyar da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙulla da masu gasar.

Kalma ɗaya na iya raba gardama. A 2016 littafin tsarin wasa na NFL cewa ya yi ya kamata 'yan wasa su miƙe, bai ce dole ba, don haka ba a sami hanyar cin Kaepernick tara ba. A Mayun 2018 masu ƙungiyoyin suka kafa sabuwar ƙa'ida: ko ka miƙe, ko ka zauna a ɗakin sauya kaya har a gama taken, in ba haka ba a ci ƙungiyarka tara. Ƙungiyar 'yan wasa ta ce ba a tuntuɓe ta ba, ta shigar da ƙorafi, a watan Yuli aka jingine ƙa'idar. A gasar ƙwallon kwando ta NBA kuwa dokar miƙewa a rubuce take. Ita ta kama Mahmoud Abdul-Rauf na Denver Nuggets a Maris ɗin 1996, aka dakatar da shi wasa ɗaya. Daga nan aka daidaita: zai miƙe, amma ya ɗaga hannu yana addu'a. Da kakar ta ƙare aka musanya shi zuwa Sacramento, tauraruwarsa a gasar ba ta sake haskawa kamar da ba.

A ƙwallon ƙafa, Doka ta 4 ce ta hana rubutu ko hoto na siyasa, na addini ko na ra'ayin kai a jikin kayan wasa, har da rigar ciki. Abin lura, alƙalin wasa ba ya hukunta saƙon. Katin gargaɗin da yake ɗagawa na cire riga ne ko rufe kai da ita, a ƙarƙashin Doka ta 12. Saƙon kansa rahoto ake rubutawa a kai, hukumar da ta shirya gasar ta zauna daga baya. Haka Frédéric Kanouté na Sevilla ya sha tarar Yuro 3,000 a Janairun 2009 bayan ya nuna riga mai ɗauke da sunan Falasɗinu, haka kuma FIFA ta ci 'yan wasan Suwizalan Granit Xhaka da Xherdan Shaqiri tarar kuɗin Suwizalan 10,000 kowanne a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2018, kan alamar mikiyar tutar Albaniya da suka yi da hannu a wasansu da Sabiya. A Katar a 2022 hukuma ta gano cewa tara ba ta tsorata manyan ƙasashe, sai ta yi barazanar kati ga duk kyaftin da ya ɗaura kambun da ba ta amince da shi ba. Ƙasashen Turai bakwai suka fasa ɗaura kambun nan take, don kyaftin mai kati tun daga minti na farko rabin ɗan wasa ne. A gasar Olamfik kuma ƙa'ida ta 50 ce. An sassauta ta kafin wasannin Tokyo na 2021, aka yarda ɗan wasa ya yi alama kafin a fara fafatawa, amma dandamalin karɓar lambar yabo yana nan a haramce.

Tambaya: Ni dai na ji an ce mutane sun daina kallon NFL saboda durƙuson, har gasar ta tafka asara. Wasu kuma sun ce ƙarya ne. Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Malam, kowane ɓangare ya riƙe rabin magana ne. Bari mu bi alƙaluman, sannan mu bi hanyar da kuɗin ke bi.

Masu kallo sun ragu, wannan babu ja. A 2015 matsakaicin masu kallon wasa ɗaya a talabijin ya kusa miliyan 18. A 2016 ya sauko zuwa kusan miliyan 16.5, a 2017 ya faɗi ƙasa da miliyan 15. A shekarar ce Shugaba Donald Trump, a wani gangami a Huntsville ta jihar Alabama ranar 22 ga Satumba, ya ce masu ƙungiyoyi su kori duk wanda ya durƙusa. Martanin ya zo a ƙarshen makon, inda 'yan wasa sama da 200 suka durƙusa ko suka zauna. Ranar 8 ga Oktoba mataimakinsa Mike Pence ya fice daga filin wasa a Indianapolis. An ƙona riguna, an yi ta yaɗa bidiyon.

Matsalar ita ce na'urar auna masu kallo tana ƙirga wanda ya kashe talabijin, ba ta tambayar sa dalili. A 2016 ana yaƙin neman zaɓe mai zafi, har muhawara biyu ta 'yan takara ta ci karo da manyan wasannin dare. Taurarin gasar ma sun yi ƙaranci a fili: Peyton Manning ya yi ritaya, an dakatar da Tom Brady wasa huɗu, a 2017 Aaron Rodgers ya karye a ƙashin wuya. Gidaje kuma na ta yanke biyan kuɗin tashoshin waya suna komawa intanet, abin da ya taɓa kusan kowane shiri. Wani abin da ake mantawa: ƙauracewa biyu ce ta gudana a lokaci guda. Akwai masu fushi da durƙuso, akwai kuma masu fushi da yadda aka rufe wa Kaepernick ƙofa, har suka yi gangami a gaban hedikwatar gasar a New York a Agustan 2017. Dukkansu a ma'auni ɗaya suka faɗa, kuma kowanne ya ce raguwar aikinsa ce. A ganinmu fushin durƙuso ya taka rawa, amma duk wanda ya ce maka ga takamaiman kasonsa, ƙiyasi yake yi.

Yanzu ga kuɗi. Mafi tsokar kuɗin NFL daga sayar da haƙƙin nuna wasa yake fitowa, kuma kwantiragi ne na shekaru masu yawa da aka riga aka sa wa hannu. Idan masu kallo suka ragu, tashar ce ke fara ji a jikinta, domin ta yi wa masu talla alƙawarin adadi, in bai cika ba sai ta rama musu da guraben talla kyauta. Gasar kuwa kuɗinta na shigowa cif, a raba daidai tsakanin ƙungiyoyi 32. Ƙungiyar Green Bay Packers, da yake mallakar jama'a ce, tana wallafa asusunta duk shekara, ta nan ake ganin rabon: kusan Dala miliyan 244 a kakar 2016, kusan miliyan 255 a kakar 2017. Wato a shekarar da ƙauracewa ta fi zafi, rabon kowace ƙungiya ƙaruwa ya yi. Iyakar abin da ƙungiya za ta kashe a albashi, wadda ake lissafawa daga kuɗin shiga, ita ma hawa ta yi: kusan miliyan 155 a 2016, miliyan 167 a 2017, miliyan 177 a 2018. Tikitin kaka kuma tun kafin a fara wasa ake biya, don haka kujerar da mai ita ya ƙi zuwa an riga an karɓi kuɗinta. Rigar da aka ƙona ma sayen ta aka yi.

Hanya ɗaya da ƙauracewar za ta iya ciwo ita ce ta ɗore har lokacin sabunta kwantiragi. Ba ta ɗore ba. Masu kallo sun fara dawowa a 2018, suka ƙaru a 2019, kuma a 2021 gasar ta ƙulla sababbin yarjejeniyoyi na shekara 11 da suka haura Dala biliyan 100. Kamfanin Nike da ya sa fuskar Kaepernick a tallarsa a Satumban 2018 ya ga hannun jarinsa ya ɗan faɗi, ya farfaɗo cikin makonni. Shugaban Papa John's, kamfanin sayar da fiza mai ɗaukar nauyin gasar a lokacin, da ya ɗora wa durƙuson alhakin raguwar cinikinsa a Nuwamban 2017, shi ne ya sauka daga kujera kafin wata biyu.

Amma kada a ce fushin bai yi komai ba. Ya kasa taɓa asusun gasar, ya yi nasarar tsorata masu ƙungiyoyi, kuma tsoron nan kan mutum ɗaya ya sauka. Wannan shi ne abin da ya fi damun mu a labarin: kamfani mai biliyoyi ya wuce lafiya, a Yunin 2020 bayan kisan George Floyd shugaban gasar Roger Goodell ya fito ya amsa cewa sun yi kuskure da ba su saurari 'yan wasa tun farko ba, amma wanda ya fara maganar shekarun ƙarfinsa sun riga sun tafi.

Tambaya: Ni mace ce mai bin ƙwallon Turai. Idan haka ne, ashe ƙauracewar magoya baya aikin banza ce? Akwai wadda ta taɓa cin nasara?

Amsa: Akwai, Malama, kuma idan aka jera su za a ga kamanninsu ɗaya. Ranar 6 ga Fabrairun 2016 magoya bayan Liverpool kusan 10,000 suka tashi suka fice daga Anfield a minti na 77, ana tsaka da wasa da Sunderland, saboda an tsara kai tikiti mafi tsada Fam 77. Cikin kwana huɗu masu ƙungiyar suka ba da haƙuri, suka bar shi a Fam 59. A Afrilun 2021 manyan ƙungiyoyi 12 suka sanar da sabuwar gasa ta kansu mai suna Super League, magoya baya suka cika tituna, musamman na Chelsea a ƙofar Stamford Bridge, cikin kwana biyu ƙungiyoyin Ingila shida suka janye. A Jamus, bayan ƙungiyoyi 24 cikin 36 sun amince a Disamban 2023 a sayar wa mai zuba jari wani kaso na kuɗin talabijin, 'yan kallo suka riƙa jefa ƙwallayen tanis cikin fili suna tsayar da wasa, har aka soke shirin ranar 21 ga Fabrairun 2024.

Ki duba abin da ya haɗa su. Da farko buƙata ɗaya ce, wadda za a iya amsa ta da i ko a'a: a janye farashin, a soke yarjejeniyar. Sannan wanda ake matsa wa shi ne mai ikon yanke hukuncin, kuma zai iya yi gobe da safe. Na uku, abin a idon kyamara yake faruwa. Mutum dubu goma da suka tashi a minti guda sun fi miliyan da suka kashe talabijin a ɗakunansu tasiri, don na farko ba ya buƙatar fassara. Na huɗu, akwai ƙungiyar magoya baya tsayayya da ke da shugabanni, ta sa rana, ta fitar da sanarwa, ta kuma zauna teburin sulhu. Na ƙarshe, kuma shi ne mafi nauyi, kan magoya bayan a haɗe yake.

Ƙauracewa kan zanga-zangar ɗan wasa takan faɗi ne a wannan na ƙarshen. Batun da kansa raba 'yan kallo yake yi, wani ya fita don fushi, wani ya shigo don goyon baya. A Disamban 2020 da wasu magoya bayan Millwall suka yi wa 'yan wasa ihu lokacin durƙuso, haka a Yunin 2021 a wasannin sada zumunta na Ingila a Middlesbrough, durƙuson bai tsaya ba. Kyaftin-kyaftin na gasar Firimiya ne da kansu suka taƙaita shi ga wasu zaɓaɓɓun wasanni a Agustan 2022. Buƙatar ma takan zama mara kan gado: a kori wa, bisa wace doka, wa zai biya sauran albashinsa?

Idan ana son ƙauracewar kuɗi zalla, to a zaɓi ƙungiyar da tikiti ne abincinta. Magoya bayan Blackpool sun yi kusan shekara huɗu ba sa shiga gida don adawa da iyalan Oyston masu ƙungiyar, kuma abin ya yi ciwo saboda ƙananan rukunoni ba su da kuɗin talabijin mai yawa. Duk da haka sai da hukuncin kotu ya shigo a Fabrairun 2019 kafin ikon ya bar hannunsu. A watan Maris mutum kusan 16,000 suka koma filin a rana ɗaya.

Tambaya: Me ya sa aka bari a nuna goyon baya ga Yukiren a filaye, amma Özil da El Ghazi suka sha wahala? Ba gara a raba wasa da siyasa gaba ɗaya kowa ya huta ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙorafinka yana da tushe. A ƙarshen Fabrairun 2022 FIFA da UEFA suka dakatar da Rasha, a farkon Maris kyaftin-kyaftin na Firimiya suka ɗaura kambu mai launin tutar Yukiren da amincewar gasar. Amma a Disamban 2019 da Mesut Özil ya yi rubutu kan Musulmin Uighur na ƙasar Sin, Arsenal ta nesanta kanta tana cewa ba ta shiga siyasa, gidan talabijin na gwamnatin Sin kuma ya cire wasanta da Manchester City. Wata biyu kafin nan, saƙo ɗaya na Daryl Morey, manajan Houston Rockets, kan Hong Kong ya jawo an daina nuna NBA a tashar, shugaban gasar Adam Silver ya ce asarar ta kai ɗaruruwan miliyoyin Dala. Ka ga ƙauracewar da ke ciwo nan take: ta mai riƙe da kwantiragi, ba ta mai riƙe da rimot ba. A aikace, abin da hukuma da masu ɗaukar nauyinta suka yarda da shi ana kiran sa jinƙai, wanda zai taɓa kasuwarsu a kira shi siyasa. Wannan rashin daidaito ne, kuma bai dace a yi masa kwaskwarima ba.

Shari'ar Anwar El Ghazi ta nuna inda kariyar ɗan wasa take. Mainz ta soke kwantiraginsa a Nuwamban 2023 kan rubuce-rubucensa game da Gaza, a Yulin 2024 kotun ma'aikata ta birnin ta ce korar ba ta halatta ba. Dokar ƙwadago ta Jamus ce ta cece shi. Don haka ɗan wasan da ke shirin magana ya fara karanta sashen kwantiraginsa da ya shafi zubar da ƙimar ƙungiya, da makamancinsa a yarjejeniyar masu ɗaukar nauyinsa, domin su sukan fi saurin yankewa. Ya sanar da ƙungiyar 'yan wasa kafin ya yi, ya rubuta kalamansa da kansa maimakon tura na wani, don abin da ya tura za a ɗauke shi nasa ne kalma da kalma. Kuma ya nemi abokan tafiya. Ranar 26 ga Agustan 2020 da 'yan wasan Milwaukee Bucks ta gasar NBA suka ƙi fitowa gaba ɗayansu bayan ɗan sanda ya harbi wani baƙar fata, Jacob Blake, a Kenosha, ba a hukunta kowa ba, ɗage wasannin aka yi.

Raba wasa da siyasa kuwa, da a ce a rabe suke sai a yi maganar kiyaye rabuwar. Taken ƙasa da tuta da jiragen yaƙi masu shawagi a saman fili su ma saƙo ne. A 2015 sanatoci biyu, John McCain da Jeff Flake, suka fitar da rahoto cewa ma'aikatar tsaron Amurka ta biya ƙungiyoyin wasa Dala miliyan 6.8 a kwantiragin talla da suka haɗa da bukukuwan karrama sojoji a filaye, har NFL ta mayar da sama da Dala 700,000. Muhammad Ali ya rasa kambunsa da fiye da shekara uku na dambe bayan ya ƙi shiga soja a Afrilun 1967, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da aka yi masa a 1971. An kori Tommie Smith da John Carlos daga Olamfik na Meziko a 1968 don sun ɗaga dunƙulallen hannu, a 2005 jami'arsu ta San Jose ta kafa musu mutum-mutumi. A 1976 ƙasashen Afirka fiye da 20, har da Najeriya, suka janye daga Olamfik na Montreal saboda 'yan zari-rugar New Zealand sun je wasa Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata, kuma shekara guda bayan haka ƙasashen Commonwealth suka sa hannu a yarjejeniyar Gleneagles ta yanke hulɗar wasanni da gwamnatin. Afirka ta Kudu ba ta koma Olamfik ba sai 1992 a Barcelona, bayan an saki Nelson Mandela an kuma soke manyan dokokin wariyar.